Yadda Ƙwayoyin Gado Ke Gina Jijiyoyi Masu Cin Gashin Kansu, Da Alamomin Da Za Ku Lura Da Su A Jikin Jariri

Ba ku taɓa ba zuciyarku umarnin ta buga ba, haka nan ba ku ne kuke ce wa hanjinku ya tura abinci gaba ba. Gumi yana fitowa idan rana ta ƙwalle, yawu yana tsinkewa idan an ji ƙanshin miya, numfashi yana ci gaba ko da mutum ya yi nisa cikin barci. Akwai rukunin jijiyoyin saƙo na musamman da ke kula da waɗannan ayyuka dare da rana. Ana fara gina su ne tun a makonnin farko na ciki, sau da yawa kafin uwa ta tabbatar tana da juna biyu, kuma ƙwayoyin gado ne ke jagorantar ginin mataki bayan mataki.

Idan aka sami tangarɗa a wannan jagoranci, alamar takan bayyana a kwanakin farko bayan haihuwa. Wadda ta fi yawa ita ce jaririn da bai yi kashin farko a kan lokaci ba, cikinsa ya kumbura. Wannan bayani zai nuna muku yadda ginin yake, inda yakan tsaya, da abin da ya kamata ku yi idan kun ga alamun.

Waɗanne jijiyoyi ake nufi?

A Hausa kalmar jijiya ta haɗa hanyoyin jini da hanyoyin saƙo. A nan muna magana ne kan jijiyoyin saƙo, wato zaruruwan da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa sassan jiki, su kuma komo da rahoto. Wasunsu suna ƙarƙashin ikonku, kamar waɗanda ke ɗaga hannu. Wasu kuwa aikinsu suke yi ba tare da saninku ba, shi ya sa ake kiransu masu cin gashin kansu. Wani masanin aikin jiki ɗan Ingila, John Langley, shi ya raɗa musu wannan suna a shekarar 1898. Rassa uku gare su:

1. Reshen ko-ta-kwana, wanda likitoci ke kira simfatetik. Shi ke tashi idan kun firgita ko kuna gudu. Yana ƙara bugun zuciya, ya ɗaga ƙarfin jini, ya buɗe hanyoyin iska a huhu, ya fitar da gumi.

2. Reshen hutu, wato farasimfatetik. Shi ke sassauta bugun zuciya, ya kawo yawu da hawaye, ya taimaka wajen narkar da abinci da fitar da fitsari. Babbar jijiyarsa ana kiranta bagus, tana saukowa daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya da ƙirji har cikin ciki.

3. Reshen hanji. Wannan raga ce ta jijiyoyi da ke cikin bangon hanyar abinci, tun daga maƙoshi har dubura. Tana da ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100. Ita ke sa hanji ya matse a baya ya saki a gaba, abinci da kashi su riƙa tafiya.

A wajen ƙwaƙwalwa da laka, ƙwayoyin waɗannan jijiyoyi suna taruwa ne rukuni-rukuni kamar ƙananan ƙulle-ƙulle. Likitoci suna kiran kowane ƙulli gangiliyon. Ku riƙe wannan kalma, domin za ku iya jin ta idan aka kawo sakamakon gwajin hanji.

Mene ne ƙwayoyin gado?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowace akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, an naɗe shi cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Kowane sashe na rubutun da ke ɗauke da umarnin haɗa wani furotin shi ne ƙwayar gado. Mutum yana da kusan 20,000.

Rubutun da ke cikin ƙwayar fata da na ƙwayar jijiya iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne wane shafi aka buɗe, wane aka rufe. Akwai ƙwayoyin gadon da aikinsu ke nan: su kunna wasu, su kashe wasu, a daidai lokaci da daidai wuri. Irin waɗannan ne ke riƙe da ragamar ginin jijiyoyi.

Daga ina jijiyoyin suke fitowa?

A mako na 3 zuwa na 4 bayan shigar ciki, ɗan tayi bai wuce ƙwayar shinkafa ba. A lokacin ne wani faifan nama da ke gadon bayansa yake naɗewa ya zama bututu, wanda daga baya zai zama ƙwaƙwalwa da laka. A daidai gefen da bakunan biyu suke haɗuwa, wasu ƙwayoyin halitta sukan ɓalle su kama hanya zuwa sassan jiki. Za mu kira su ƙwayoyi matafiya. Masani Wilhelm His ne ya fara bayyana su a 1868, a cikin ƙwan kaza. Kusan shekara 100 bayan haka, wata masaniya 'yar Faransa, Nicole Le Douarin, ta riƙa dasa ƙwayoyin tayin salwa a cikin tayin kaza, ta bi sawunsu ta ga inda kowanne ya yada zango.

Daga waɗannan matafiya ake samun abubuwa da yawa:

Ƙulle-ƙullen jijiyoyi masu cin gashin kansu na rassan nan uku.
Tsakiyar wani ɗan ƙullutu mai suna adirinal da ke zaune a kan kowace ƙoda, inda ake haɗa sinadarin adirinalin.
Ƙwayoyin da ke ba fata da gashi launi.
Wasu ƙasusuwan fuska da wani sashe na manyan hanyoyin jinin zuciya.

Tun da asalinsu ɗaya ne, tangarɗa guda tana iya taɓa wurare biyu da ba ku zaci suna da alaƙa ba. Shi ya sa likita zai iya ganin farin gashi a goshin jariri ya tambaye ku yadda yake bayan gida.

Matafiyan da za su zama jijiyoyin hanji galibinsu daga wajen wuya suke tasowa. Suna shiga ta saman hanyar abinci a wajen mako na 4, suna tafiya ƙasa suna hayayyafa, kuma kafin ciki ya cika wata uku sun isa ƙarshen babban hanji. Dubura ce zangon ƙarshe, don haka ita ce ta fi saurin rasa rabonta idan tafiyar ta yi jinkiri. Tun ran gini tun ran zane: idan wannan lokaci ya wuce ba su isa ba, wurin haka zai zauna babu jijiya.

Ƙwayoyin gadon da ke jagorantar aikin

Sunayensu haruffa ne da lambobi, haka kuma za ku gan su a takardar gwaji. Ga mafi muhimmanci:

SOX10. Tana kan kuromosom na 22. Ita ke riƙe matafiyan da rai, ta hana su zaɓar sana'a da wuri kafin su isa inda ake bukatarsu.

PHOX2B. Tana kan kuromosom na 4, kuma ita ce uwar tafiya. Idan matafiya suka taru a gefen babbar hanyar jini da ke gaban ƙashin baya, bangon hanyar yakan fitar da wani sinadari da ke kunna PHOX2B a cikinsu. Ita kuma sai ta kunna wasu, tare da abokan aikinta irin su ASCL1, HAND2 da GATA3, har ƙwayar ta zama cikakkiyar jijiyar ko-ta-kwana mai iya haɗa sinadarin aika saƙo. Duk rassan uku suna bukatarta, haka ma cibiyar da ke gindin ƙwaƙwalwa wadda ke auna gurɓatacciyar iska a cikin jini ta ƙara numfashi.

RET da GDNF. RET tana kan kuromosom na 10. Furotin ɗinta yana zaune a bayan ƙwayar kamar eriya. Bangon hanji kuma yana fitar da sinadarin GDNF, wanda shi ne kiran da eriyar take kamawa. Muddin kiran yana shiga, matafiyan za su rayu, su yawaita, su ci gaba da tafiya. Idan eriyar ta yi rauni, ayarin yakan ƙare kafin ya kai ƙarshen hanya.

EDNRB da EDN3. Wata eriya ce da nata kiran. Aikinsu su hana matafiya zama jijiya tun a tsakiyar hanya, domin wadda ta zama jijiya ta daina tafiya. Ƙwayoyin launin fata ma sun dogara da su.

NGF da NTRK1. Bayan jijiyar ko-ta-kwana ta miƙa zarenta zuwa gaɓar da za ta yi wa aiki, sai gaɓar ta riƙa ba ta sinadarin NGF. Wadda ta samu ta rayu, wadda ta rasa ta mutu, ta haka yawan jijiyoyi yake daidaita da girman gaɓa. Rita Levi-Montalcini 'yar Italiya da Stanley Cohen ɗan Amurka ne suka gano wannan sinadari a shekarun 1950, suka sami kyautar Nobel a 1986.

Ta yaya aka san wannan?

Dabbobi masu shayarwa suna gina waɗannan jijiyoyi ne da ƙwayoyin gado iri ɗaya da na mutum, shi ya sa mafi yawan sanin ya fito daga ɓerayen gwaji. A 1994 masu bincike a Amurka suka cire RET daga ɓera. 'Ya'yan da aka haifa ba su da jijiyoyi a hanjinsu, ƙodarsu ma ba ta ginu ba, suka mutu jim kaɗan bayan haihuwa. A shekarar ne kuma aka gano sauyi a RET a jikin mutane masu cutar hanjin da za mu yi bayani a ƙasa. A 1999 masu bincike a Faransa suka cire PHOX2B daga ɓera, sai ƙulle-ƙullen rassan uku duka suka kasa samuwa.

Masu kiwon dawaki a Amurka ma sun san abin a aikace. A cikin wani nau'in dawakinsu masu dabbare-dabbare, idan ɗan doki ya gaji sauyin EDNRB daga uwa da uba, ana haifarsa fari fat, kuma yakan mutu cikin 'yan kwanaki saboda hanjinsa ba ya motsi. Farin gashin da toshewar hanjin duk tushensu ɗaya: matafiya ba su isa ba.

Cutar Hirschsprung

Wannan ita ce lalurar da iyaye suka fi cin karo da ita a wannan fanni. Sunan wani likitan yara ne ɗan Denmak, Harald Hirschsprung, wanda ya yi bayanin yara biyu masu ita a 1886. Tana samun kusan jariri 1 cikin 5,000, kuma maza sun ninka mata kusan sau huɗu.

Ƙarshen hanjin yaron ba shi da ƙulle-ƙullen jijiya, don haka ba ya iya saki. Yana nan a matse kamar an ɗaure bakin buhu. Kashi da iska sai su taru a sama, lafiyayyen hanjin da ke wurin ya buɗe ya yi girma. A cikin yara kusan 8 daga 10, gajeren sashe ne na dubura da ɗan abin da ke samanta ya rasa jijiyar. A wasu sashen ya fi tsawo, a kaɗan kuma babban hanji ne gaba ɗaya.

Alamomi ga jariri sabon haihuwa

Mafi yawan jariran da suka cika wata tara suna yin kashin farko, baƙi-baƙi mai danƙo, cikin awa 24, kuma kusan dukkansu kafin awa 48. Ku lura da waɗannan:

Rashin yin kashin farko har awa 48.
Kumburin ciki, ya yi tauri yana sheƙi.
Amai mai launin kore.
Ƙin kama nono.
Kashi da iska su fito da ƙarfi bayan ma'aikacin lafiya ya duba duburar.

Alamomi ga yaron da ya ɗan tasa

Idan sashen gajere ne, jariri yana iya lallaɓawa a kan nono, sai an fara ba shi kunu ko koko matsalar ta fito fili. Za ku ga yana kwanaki ko makonni bai yi bayan gida ba sai an taimaka masa, cikinsa ƙato, hannuwa da ƙafafu sirara, ba ya girma kamar sa'o'insa. Abin da ke bambanta shi da taurin bayan gida na yau da kullum shi ne matsalar ta faro tun daga haihuwa. A ƙasashen Afirka da yawa, har da Najeriya, ana yawan kawo irin waɗannan yara asibiti bayan watanni ko shekaru, an gama ɗaukar abin a matsayin basir ko ciwon ciki. Jinkirin yana sa hanji ya ƙara buɗewa, yaro ya rame, tiyata ta ƙara wuya.

Ba kowane jinkirin kashi ne wannan cuta ba. Jaririn da ya wuce wata ɗaya yana shan nono zalla yana iya yin kwanaki bai yi kashi ba, amma idan ya yi mai laushi ne, cikinsa taushi, yana tsotso yana ƙiba. Wannan lafiya ce. Akwai kuma wasu dalilai, kamar haihuwar jariri babu ƙofar dubura ko ƙarancin sinadarin tayirod, waɗanda likita zai duba.

Haɗarin da ba ya jira

Kashin da ya daɗe a hanji yana iya jawo kumburin bangon hanji da yaɗuwar ƙwayoyin cuta cikin jini. Wannan shi ne babban abin da ke kashe yara masu Hirschsprung, kuma yana iya zuwa kafin tiyata ko bayanta. Alamominsa zazzaɓi, ƙarin kumburin ciki, gudawa mai tsananin wari wani lokaci da jini, amai, da yaro ya yi laushi ya galabaita. Iyaye sukan yi murna idan yaron da ba ya kashi ya fara gudawa, su ce cikin ya saki. Ga mai wannan cuta gudawa tare da kumburi alamar haɗari ce. A tafi asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.

Yadda ake tabbatarwa

Likita zai tambaye ku ranar da jariri ya yi kashin farko, ya duba ciki da dubura. Za a ɗauki hoton ciki na eksire, wani lokaci a zuba wani ruwa ta dubura wanda ke fitowa a hoto, a ga inda siririn sashe ya haɗu da buɗaɗɗen. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne a ɗebo ɗan ƙanƙanin nama daga bangon dubura a duba da madubin likita. Idan babu ƙwayoyin gangiliyon, an tabbatar. Ba a bukatar gwajin DNA kafin a gano cutar ko a yi maganinta.

Magani

Tiyata ce maganinta. Kafin a yi, ma'aikatan jinya sukan wanke hanji da ruwan gishirin asibiti mai ɗumi ta wata robar tiyo mai laushi, kuma suna iya koya muku yadda za ku yi a gida. A tiyatar ana cire sashen da ba shi da jijiya, a jawo lafiyayyen hanji a ɗinke shi kusa da bakin dubura. Likita Orvar Swenson ne ya fara wannan aiki a birnin Boston a 1948, daga baya aka sami wasu hanyoyi masu sunan Duhamel da Soave. Yanzu ga yara da yawa ana iya yin aikin ta dubura ba tare da an yanka ciki ba.

Idan yaro ya zo a galabaice ko hanjin ya buɗe sosai, akan fara buɗe ƙofa a fatar ciki inda kashi zai riƙa fita cikin leda ko ƙyalle mai tsabta. Iyaye da yawa suna tsorata da wannan har su ƙi yarda. Ku sani ga yawancin yara ƙofar ta wucin gadi ce. Tana ba hanji damar komawa daidai, yaro ya murmure, sannan a yi babban aikin a rufe ta.

Likitocin tiyatar yara ne suke wannan aiki. Ana samunsu a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da Jos. Idan kuna nesa, ku fara da asibiti mafi kusa ku nemi takardar turawa.

Bayan tiyata yawancin yara suna girma, su yi makaranta, su yi rayuwa kamar kowa. Wasu sukan yi fama da ɓata wando ko taurin bayan gida na wani lokaci, ko ƙunar fata a ɗuwawu a makonnin farko. Kada a daki yaro ko a kunyata shi kan ɓata wando, domin ba da gangan yake yi ba. Ku ci gaba da zuwa ganin likita a ranakun da aka ba ku.

Wasu lalurorin da ke da tushe ɗaya

Waɗannan ba su da yawa, amma sanin su yana da amfani.

Ƙarancin numfashi cikin barci tun daga haihuwa. Sauyi ne a PHOX2B, an gano shi a Faransa a 2003. Jaririn yana numfashi idan idonsa biyu, amma da ya yi barci sai numfashin ya yi ƙasa, leɓɓansa da harshensa su canza launi, kuma ba ya farkawa don neman iska. Yana bukatar na'urar taimakon numfashi duk lokacin barci. Kusan 1 cikin 5 na masu ita suna da Hirschsprung ma.

Lalurar Waardenburg mai haɗe da Hirschsprung. Yaro yana da tsagin farin gashi a goshi, ko fararen tabo a fata, ko idanu masu launin shuɗi ko launi biyu, wani lokaci da kurumta, sannan ga toshewar hanji. Sauyi ne a SOX10, EDNRB ko EDN3.

Rashin jin zafi da rashin gumi. Sauyi ne a NTRK1 da ake gada daga iyaye biyu. Yaro ba ya jin ciwo idan ya ji rauni, yana cizon harshe da yatsu, jikinsa yana zafi sosai saboda ba ya gumi. A ƙasa mai zafi irin tamu wannan babban haɗari ne, musamman lokacin bazara.

Lalurar Riley-Day. Likitoci biyu ne suka bayyana ta a 1949, an gano ƙwayar gadonta, ELP1, a 2001. Yaro yana kuka babu hawaye, ƙarfin jininsa yana hawa da sauka, haɗiya tana ba shi wuya. Kusan duk masu ita Yahudawa ne 'yan asalin gabashin Turai.

Sankarar niyurobilastoma. Tana tasowa daga matafiyan da suka kasa kammala zama jijiyar ko-ta-kwana suka ci gaba da hayayyafa. Ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma ta fi fitowa a adirinal. Alamunta ƙullutu mai tauri a ciki, ciwon ƙashi, rama, ko baƙin zobe a gefen ido. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne kawai ke bin dangi, galibi ta ƙwayar ALK.

Akwai kuma sauyin da ke sa eriyar RET ta yi aiki fiye da kima. Wannan yana jawo wata sankarar tayirod da ƙari a adirinal mai haddasa hawan jini. Idan akwai irin wannan a danginku ku faɗa wa likita.

Ku bambanta duk waɗannan da lalacewar jijiyoyin da ke zuwa a girma. Mai ciwon suga da ya daɗe yana iya samun jiri idan ya miƙe, cikar ciki, matsalar fitsari ko raunin gaba. Shi jijiyoyinsa sun ginu daidai, sugan ne ya cinye su daga baya.

Shin abin zai maimaitu a ciki na gaba?

Cewa ƙwayar gado ce sanadi ba ya nufin dole an gada daga iyaye. Wani lokaci sauyin yana faruwa ne a karon farko a ƙwan mace ko maniyyin da aka halicci yaron da shi, kamar yadda yake ga mafi yawan masu ƙarancin numfashi cikin barci.

Hirschsprung ba ta bin lissafi mai sauƙi irin na sikila, inda AS da AS ke da yiwuwar 1 cikin 4 a kowane ciki. Galibi ƙananan sauye-sauye da dama ne suke haɗuwa. Mutum yana iya ɗauke da sauyin RET bai taɓa ciwo ba, ɗansa kuma ya yi. Ana samun babban sauyi a RET a kusan rabin gidajen da cutar ta maimaitu, da kusan 1 cikin 5 ko ƙasa da haka na waɗanda ba su da ita a dangi. A dunƙule, idan kuna da yaro mai cutar, yiwuwar ƙaninsa ko ƙanwarsa su samu kusan 4 cikin 100 ne. Adadin yana ƙaruwa idan sashen hanjin da abin ya shafa dogo ne. Yara masu lalurar Down ma sun fi sauran yara haɗarin kamuwa, don haka a sa musu ido sosai a kwanakin farko.

Gwajin jinin da ake yi kafin aure na sikila ne, ba ya nuna waɗannan sauye-sauye. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar lalurorin da sai an gada daga ɓangarori biyu, irin su rashin jin zafi da wasu nau'o'in Waardenburg. Idan akwai tarihin jarirai da suka rasu da kumburin ciki a danginku, ku sanar da likita tun lokacin awon ciki, kuma ku shirya haihuwa a asibiti.

Laifin uwa ne?

A'a. Abincin da ta ci, aikin da ta yi, fita da magariba, ko nononta, babu wanda ya jawo wannan. Ginin ya kammala ko ya tsaya tun ciki bai cika wata uku ba. Ba sammu ba ne, ba kuma maita ba. Miji da uwar miji da sauran dangi su taimaka wajen kai jariri asibiti maimakon neman wanda za a ɗora wa. Shan ƙwayar folik asid kafin ciki da farkonsa yana rage matsalar rashin rufewar laka, kuma muna ba kowace mace shawarar sha, amma ba a san shi da hana Hirschsprung ba.

Abin da za ku kiyaye

Kada a ɗura wa jariri dauri, jiƙo, man ja ko maganin wanke ciki. Kada a cusa masa sabulu ko a zuba ruwan magani ta dubura a gida ba tare da koyarwar asibiti ba, domin yana iya fasa hanji ko ya gurɓata gishirin jini. Kada a yi masa tsaga a ciki. Kada a jira ranar suna ta wuce.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Jariri ya kai awa 48 bai yi kashin farko ba.
Amai kore a kowane lokaci.
Ciki ya kumbura ya yi tauri.
Gudawa mai wari tare da zazzaɓi da kumburin ciki.
Numfashi yana raguwa ko launin leɓe yana canzawa cikin barci.
Taurin bayan gida da ya faro tun haihuwa, tare da rashin girma.
Ƙullutu a cikin yaro.

Idan an haihu a gida, ungozoma ko wadda ke kula da mai jego ta riƙe lokacin da aka haihu da lokacin da jariri ya fara kashi da fitsari. Idan za ku asibiti ku tafi da wannan bayani, da launin aman, da duk abin da aka ba jaririn ya sha, da tarihin irin wannan ciwo a dangin uwa da na uba. Waɗannan amsoshi ne likita zai fara nema, kuma su ne ke sa a tura ku wurin likitan tiyatar yara da wuri.